RA'AYINMU: Kabarin Tafida Yana Katsina, Shari'arsa Fa?

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, hankalin masu bi yakan koma ga shirin Kirsimeti. Mawaƙa suna koyon sababbin waƙoƙi, zumuntar mata suna kai ɗinkin anko, 'yan'uwa na nesa suna haramar zuwa gida. Amma cikin wannan wata akwai ranar da bai kamata mutumin Katsina ya bari ta wuce shiru ba, ko Kirista ne shi ko Musulmi. Ranar 8 ga Disamba, 1997, Manjo-Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, ya rasu yana fursuna a gidan yarin Abakaliki, yana da shekara 54 a duniya. An kawo gawarsa gida, aka binne shi a nan birnin Katsina. Yau fiye da shekara 25 ke nan, gwamnatoci sun zo sun wuce, amma babu kotun da ta zauna ta faɗa wa 'yan Nijeriya abin da ya kashe shi, balle a ce an hukunta wani.

Wani zai ce, me ya haɗa jaridar ikilisiya da wannan tsohuwar magana? Amsarmu ita ce, tambayar da ke kan kabarin nan ta shafi kowane mai zama a bencin majami'a ranar Lahadi. Idan mulkin danniya ya faɗi, me ƙasa za ta yi da abin da ya aikata? A ganinmu, Nijeriya ta sallami sojoji a 1999 ba tare da ta yi hisabi da su ba, kuma bashin nan talaka ne yake biyansa har gobe.

Bari mu tuna wa matasanmu ko wane ne marigayin. An haife shi a Katsina a 1943. Shi ne mutum na biyu a gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo daga 1976 zuwa 1979, wato gwamnatin sojan da ta miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba, 1979. Bayan ya tuɓe kaki ya shiga kasuwanci da siyasa. A taron tsara tsarin mulki da Janar Sani Abacha ya kira a 1994, shi da magoya bayansa ne suka matsa har taron ya tsai da shawara cewa sojoji su koma bariki a Janairun 1996. Ba a daɗe ba, cikin Maris 1995, aka kama shi da zargin ƙulla juyin mulki.

Kotun soja ta musamman ƙarƙashin Birgediya Patrick Aziza ce ta yi masa shari'a a asirce, shi da Obasanjo da hafsoshi da 'yan jarida da masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam. Aka yanke masa hukuncin kisa. Da duniya ta yi ca, sai aka mai da hukuncin ɗaurin shekara 25. Ɗaya daga cikin hafsoshin da aka kafa hujja da bayaninsu, Kanar Bello-Fadile, ya fito daga baya ya ce azaba ce ta sa ya ambaci sunayen da ya ambata. Tun ranar da Tafida ya rasu ake zargin cewa allura aka yi masa a tsare. Mu ba alƙalai ba ne, ba kuma za mu yanke hukuncin da kotu ba ta yanke ba. Abin da muke cewa shi ne, duk wanda ya mutu a hannun gwamnati, wajibi ne gwamnati ta yi bayani a bainar jama'a.

Mai karatun Littafi Mai Tsarki ba zai yi baƙunta da irin wannan shari'a ba. A Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, sa'ad da Yezebel ta so ƙwace gonar inabin Nabot domin sarki Ahab, ba ta aika 'yan fashi da dare ba. Wasiƙu ta rubuta da hatimin sarki, aka kira dattawan gari, aka yi shelar azumi, aka zaunar da shaidun zur guda biyu, komai ya bi tsari kamar shari'ar gaske. Azzalumi ya fi son zaluncin da aka buga wa hatimi. Amma Ubangiji bai ɗauki hatimin a bakin komai ba, ya aiki annabi Iliya ya tarar da sarki a cikin gonar.

Tafida ba shi kaɗai ne wannan takobi ta sara ba, ba kuma a zamanin Abacha aka ƙera ta ba. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta 2, wadda ta ba da ikon tsare mutum ba tare da kai shi kotu ba, kuma duk gwamnatin sojan da ta biyo baya ta ci moriyarta har aka soke ta a 1999. Doka ta 4 ta wannan shekara ita ta ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor. A Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas kan safarar miyagun ƙwayoyi, bisa dokar da aka kafa bayan sun riga sun aikata laifin. A zamanin Janar Ibrahim Babangida, bayan rikicin Zangon Kataf na 1992, kotun Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo-Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, alhali an riga an toshe ƙofar ɗaukaka ƙara da dokar soja. Daga baya aka mai da hukuncin ɗauri. An yi asarar rayuka masu yawa a rikicin nan, iyalan mamatan kuwa sun cancanci hukuncin da kowa zai yarda da shi, amma irin wannan kotu ba ta iya ba su. Ranar 10 ga Nuwamba, 1995, aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa takwas a Fatakwal, su ma babu ɗaukaka ƙara.

Ku dubi sunayen nan da kyau. Ga Musulmi ɗan Katsina, ga Kirista ɗan Kudancin Kaduna, ga ɗan Ogoni daga bakin teku. Kotun da ba ta da ɗaukaka ƙara ba ta tambayar addinin mutum. Wanda ya tafa a 1993 domin ba nasa aka kama ba, a 1995 shi ne ya yi kuka. Shi ya sa Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wata shida cur bayan rasuwar Tafida, ranar 8 ga Yuni, 1998, Abacha ya mutu. Wata guda bayan haka Cif M.K.O. Abiola ya mutu a tsare. Janar Abdulsalami Abubakar ya buɗe gidajen yari, ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayu, 1999, ga Obasanjo, wanda shi kansa bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba. Cikin watan Yuni sabon shugaban ya kafa hukumar binciken take haƙƙin ɗan Adam ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, aka ba ta aikin duba abin da ya faru daga Janairun 1966 zuwa Mayun 1999. A cikin hukumar akwai Rabaran Fada Matthew Hassan Kukah, wanda daga baya ya zama Bishop na Sakkwato, wanda kuma Katolikan Katsina suke ƙarƙashin kiwonsa har zuwa 2023 da aka ba Katsina tata dayosis. Ashe ikilisiya tana da hannu a aikin tun daga tushe, tana kuma da ikon tambayar inda ya kwana.

Hukumar ta karɓi takardun koke kusan 10,000. Ta zauna a Abuja da Legas da Fatakwal da Enugu da Kano, jama'a suna kallo a talabijin kowane dare. Matan da aka kashe wa maza sun yi magana, waɗanda aka azabtar sun nuna tabo. Obasanjo, yana kan kujerar mulki, ya je ya amsa tambayoyi. Amma tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, sun ƙi halarta. Aka garzaya kotu, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsarin mulkin 1999 bai ba gwamnatin tarayya ikon kafa irin wannan hukumar bincike ga ƙasa baki ɗaya ba, sai a Abuja kaɗai, sauran kuwa hurumin jihohi ne. Gwamnati ta fake da wannan hukunci. Rahoton da aka miƙa wa shugaban ƙasa a Mayun 2002 ba a taɓa buga shi a hukumance ba. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka sake shi ga jama'a a 2005.

Abin lura kuma shi ne, tsarin mulkin da aka kafa hujja da shi, sojoji ne suka bar mana shi a matsayin Doka ta 24 ta 1999. A cikinsa, sashe na 6, sun sa sharaɗin da ya hana kotuna tuhumar ikon waɗanda suka kafa dokoki tun daga 15 ga Janairu, 1966. Wato kafin su fita sun kulle ɗakin, sun tafi da mabuɗi.

To, kotunan yau da kullum fa? Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin Abacha, kan kisan Hajiya Kudirat Abiola da aka yi a Legas ranar 4 ga Yuni, 1996. An kama shi a 1998. Sai a Janairun 2012 babbar kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa, a Yulin 2013 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi ta sallame shi. Mutum ya yi fiye da shekara 14 a tsare kafin a ce ba a tabbatar da laifinsa ba. 'Ya'yan marigayiyar kuma an bar su da tambayarsu. Irin wannan jan ƙafa ya cuci wanda ake zargi, ya cuci mai ƙara, ya kuma zubar da mutuncin shari'a a idon talaka.

A ɓangaren kuɗi kuwa, an nuna cewa in ana so ana iyawa. Gwamnatoci sun ɗauki lauyoyi, sun bi sawun dukiyar da Abacha ya ɓoye a ƙasashen waje shekara da shekaru. An karɓo kimanin dala miliyan 321 daga Suwizalan bisa yarjejeniyar 2017, da kuma dala miliyan 311 a 2020 daga tsibirin Jersey da taimakon Amurka. Mun yaba da wannan. Amma ƙasar da ta iya bin sawun kuɗi har Turai, me ya hana ta bin sawun ran mutum zuwa Abakaliki?

Abin da aka yi wa Tafida a maimakon bincike shi ne afuwa. A Maris 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta sa sunansa cikin jerin waɗanda aka yi wa afuwa. Afuwa kuwa ga mai laifi ake yin ta. Wanda aka zalunta, wanke suna yake bukata. A Ayyukan Manzanni, sura 16, bayan an yi wa Bulus da Sila bulala a Filibi aka jefa su kurkuku ba tare da shari'a ba, kashegari mahukunta suka aika a sake su a ɓoye. Bulus ya ƙi. Ya nace cewa tun da a fili aka ci mutuncinsu alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da ƙafarsu sun fitar da su. Suka kuwa zo suka ba da haƙuri. Manzon da ya fi kowa wa'azin alheri bai ga saɓani tsakanin bangaskiyarsa da neman haƙƙinsa a gaban hukuma ba.

Mun san akwai 'yan'uwa masu kyakkyawar niyya da za su ce a bar kaza cikin gashinta, tone-tone zai ta da husuma, kuma ai mu Kirista an umurce mu da gafara. Gaskiya ne an umurce mu, ba ma kuwa neman ramuwa a kan kowa, matacce ko mai rai. Amma gafara aikin zuciyar wanda aka cuta ne. Gwamnati ba ta da ikon yafe jinin da ba nata ba, aikinta shi ne ta bincika, ta bayyana, ta hukunta. Kuma tuban da Ubangijinmu ya karɓa a gidan Zakka mai karɓar haraji, tuba ne da ya zo da furci a gaban mutane da alkawarin mayar da riɓi huɗu ga duk wanda ya zambata. Miki in an rufe shi da ruɓa a ciki, ƙafar yake ci.

Wasu ƙasashen Afirka sun gwada wata hanya. A Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sulhu da Akbishop Desmond Tutu ya shugabanta, wadda ta fara sauraron jama'a a 1996, ta sa wa afuwa farashi: sai mutum ya zo da kansa ya faɗi duk abin da ya aikata. Fiye da mutum 7,000 suka nema, 849 kaɗai suka samu. A Chadi, Hissene Habre ya faɗi a 1990 ya gudu Senegal. Wani tsohon fursunansa, Souleymane Guengueng, ya bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya yana rubuta labarinsu yana ɓoyewa. Takardun nan suna cikin abin da ya kai Habre gaban kotu a Dakar, inda aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Mayun 2016. Ko maƙwabtanmu na Nijar, inda tsarin mulkin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka kashe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara, iyalinsa ba su haƙura ba har kotun ECOWAS ta ba su gaskiya a 2015, ta umurci a biya su diyya. Babu ƙasar da ta wargaje a cikinsu saboda an faɗi gaskiya.

Katsina ta taɓa nuna wa Nijeriya cewa bin doka mai yiwuwa ne. Ƙanen Tafida, Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya yi gwamnan wannan jiha daga 1999 zuwa 2007, sannan ya zama shugaban ƙasa. Bai yi amfani da kujerar don ramuwar gayya ba. Ya bayyana kadarorinsa a fili, ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da tangarɗa, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais don gyara. A Yunin 2007 da Kotun Ƙoli ta mayar da Peter Obi kan kujerar gwamnan Anambra, ta sauke ɗan jam'iyyar shugaban ƙasa, nan take ya ba da umurni a bi hukuncin. Ya kuma saki kuɗin ƙananan hukumomin Legas da gwamnatin baya ta riƙe.

Duk da haka, halin kirkin mutum ɗaya bai isa ya gyara ɗabi'ar da ba a taɓa hukuntawa ba. A zamaninsa ne, ƙarshen Yulin 2009, sojoji suka miƙa Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ga 'yan sanda a Maiduguri da ransa, aka kashe shi ba tare da shari'a ba. Mabiyansa sun ƙona majami'u sun kashe masu bi a kwanakin nan, babu mai bukatar tuna mana. Amma da an gurfanar da shi a kotu, da ƙasa ta ji masu ɗaure masa gindi daga bakinsa. Gajeriyar hanyar da aka bi, Arewa ta biya kuɗinta da jini, kuma ikilisiya tana cikin waɗanda suka fi biya. Haka nan a jiharmu, gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, a 2020 gwamnan da kansa ya ce sun ci amana, a Disambar shekarar kuma aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Sulhun da babu gaskiya da hisabi a cikinsa, hutun rabin lokaci ne kawai. Darasin da ba a koya a 1999 ba shi ne yake ta dawowa.

Saboda haka muna kira kamar haka.

Na farko, gwamnatin tarayya ta buga rahoton Oputa a hukumance, ta fitar da matsayinta a kan shawarwarinsa, a fassara shi zuwa Hausa da sauran harsuna. A Yunin 2018 Shugaba Buhari ya ba iyalin Abiola haƙuri a madadin ƙasa, ya mai da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, sama kuma ba ta faɗo ba. Wanda ya iya wannan taku zai iya na gaba.

Na biyu, a buɗe takardun shari'ar Aziza da na gidan yarin Abakaliki, a kafa binciken musabbabin mutuwar Tafida tun shaidu suna da rai. Wakilan Katsina a majalisun tarayya su ne ya kamata su fara ɗaga wannan murya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma tana nan don a yi aiki da ita.

Na uku, Majalisar Ƙasa ta toshe giɓin da Kotun Ƙoli ta nuna a 2003, domin a samu hukumar da za ta iya kiran kowa, komai girman tauraron da ke kafaɗarsa.

Na huɗu, mu masu bi muna da namu aiki. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, yawancinsu talakawa ne da babu mai ambaton sunansu. Tsarin mulki, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, dokar 2017 kuma ta haramta azabtarwa. Fastoci da dattawa su koyar da wannan a majami'u. Lauyoyinmu su ba da lokacinsu kyauta ga fursunan da ba shi da kowa. Masu kai ziyarar bishara gidan yarin Katsina su riƙa tambayar ranar da aka kawo mutum da ranar da ya ga alƙali. Kowace ikilisiya ta rubuta sunayen 'ya'yanta da aka kashe ko aka sace, da rana da wuri, ta ajiye, gama takarda ba ta mantuwa. Matasanmu kuma kada a same su cikin taron da ke dukan ɓarawo a kasuwa, domin wannan ma kotun Aziza ce, ba kaki kawai. Idan kuma aka zalunci maƙwabcinmu Musulmi, muryarmu ta fita kamar yadda muke so tasa ta fita ranar da abin ya zo kanmu.

Muna addu'a Ubangiji ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba alƙalanmu ƙarfin zuciya, ya ta'azantar da dukan iyalan da har yanzu suke jiran amsa, ya kuma ba Katsina da Nijeriya salamar da ke tafe da adalci. Amin.